Tauraro ya san Kano, taswirar motarka ce ba ta san ta ba

A wuraren sayar da motoci na Kano, allon dashbod yana daga cikin abubuwan da dillali yake ɗaga murya a kansu. Zai danna maɓalli, taswira ta bayyana, ya ce wannan har nabigeshan gare ta, sannan ya ɗora wani abu a kan farashi. Da wuya mai saye ya sunkuya ya karanta abin da ke rubuce a taswirar. Da zai karanta, sunayen titunan Texas ko Maryland zai gani, ko kuma shuɗin fili fayau da 'yar kibiya a tsakiya, alhali motar tana tsaye a gefen titin Zariya. Na'urar ba ta lalace ba, tana aikinta daidai yadda aka ƙera ta. Matsalar ita ce abin da ake kira nabigeshan abu uku ne aka haɗa, biyu daga ciki suna aiki a ko'ina a duniya, na ukun kuwa, wanda shi ne mai tsadar, an yi shi ne don wata ƙasa dabam.

Na farko shi ne mai kama saƙon tauraron ɗan'adam. Tsarin GPS na gwamnatin Amurka ne, yana da taurari kusan 30 da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaye duniya sau biyu a rana. Muhimman abubuwan da kowane tauraro yake watsowa biyu ne: ga inda nake, ga ƙarfe nawa agogona ya nuna. Na'urar motar tana auna jinkirin da saƙon ya yi kafin ya iso, ta mayar da shi nisa, kuma tana buƙatar taurari huɗu aƙalla kafin ta ce ga inda kake. Da yake saƙon da saurin haske yake tafiya, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana zama kuskuren mita 300 a ƙasa. Wannan aikin kyauta ne, ba ya cin data, ba ya neman layin waya. Tun watan Mayun 2000, da Amurka ta daina gurɓata saƙon da farar hula ke kamawa, kuskuren ya dawo 'yan mitoci kaɗan a fili buɗaɗɗe. Hazon hunturu ba ya tare shi, gajimaren damina ma haka. Abin da yake tare shi ƙarfe ne da kankare, har da baƙin gilas mai sinadarin ƙarfe idan an manna shi a saman eriya.

Motar da ta yi makonni a jirgin ruwa, ko wadda aka cire wa batir, takan yi kamar ta makance idan aka kunna ta. Ba gyara take so ba. A fito da ita daga rumfar kwano, a ajiye ta a fili injin yana aiki na minti goma sha biyar, domin cikakken jadawalin taurarin yana ɗaukar minti 12 da rabi kafin ya gama saukowa. Waya ba ta wannan jiran saboda ta intanet take ɗauko jadawalin. Sannan wayoyin yanzu suna sauraron GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin a lokaci guda, ita kuwa motar 2008 GPS kaɗai ta sani.

Na biyu shi ne inda mota ta yi wa waya fintinkau. Na'urar da kamfani ya dasa tana karɓar bayanin juyawar taya daga motar kanta, tana kuma da wani ɗan ma'auni da ke jin duk kwanar da aka sha. Idan ka shiga gadar ƙasa ta Kabuga ko Gadar Lado saƙon tauraro ya yanke, sai ta ci gaba da lissafi: taya ta juya sau kaza, ba a karya kwana ba, to muna nan. Haka a ƙarƙashin doguwar gadar sama ta Sabon Gari, inda waya takan rikice ta kasa bambance wanda ke sama da wanda ke ƙasa, da kuma tsakanin benayen Kantin Kwari, inda saƙon yake dukan bango ya dawo, ya sa ɗigon waya ya tsallaka layi na gaba. Wannan lissafin yana da sharaɗi guda da mutane ke mantawa: girman taya. Idan motar ta zo da taya mai lamba 205/55R16 ka sa mata 205/60R16 don ta ɗan ɗaga daga ramuka, ka ƙara kusan kashi 3 cikin 100 a kewayen tayar, wato mita 30 a kowace kilomita. Yawancin na'urori suna gyara kansu bayan an ɗan yi tafiya, a wasu motocin Toyota kuma akwai wurin da za ka shiga ka gaya mata an canja taya.

Na uku shi ne taswira, kuma a nan ake yin ta. Kamfanonin mota ba su suke zana taswira ba, saye suke yi daga kamfanoni irin su HERE da TomTom, yanki-yanki. Motar da aka ƙera don kasuwar Amurka taswirar Amurka da Kanada take ɗauke da ita, a faifan DVD ko katin memori ko ma'ajiyar da ke cikin na'urar. 'Yar Beljiyam ta Turai ce da ita, 'yar Dubai ta ƙasashen Larabawa, wadda aka ɗauko kai tsaye daga Japan ko Sin kuwa har rubutun allon ba za ka iya karantawa ba. Tauraro yana gaya wa na'urar cewa tana kan digiri 12 arewa, 8.5 gabas, ita kuma ta duba taswirarta ba ta ga komai a wurin ba. Duk gwanintar lissafin tayar nan sai ta tashi a banza, tunda babu titin da za a ɗora kibiyar a kai.

Za ka samu mai cewa zai sa maka taswirar Najeriya. A bi wannan maganar a hankali. Ga yawancin na'urorin da aka yi don Amurka, kamfani bai taɓa buga taswirar Afirka a tsarin da suke karantawa ba, don haka babu faifan da za a nemo a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko a wani wuri. Wasu motocin Jamus suna karɓar taswirar wani yanki, amma sai da lambar buɗewa da aka ɗaure da lambar shasin motar. Idan aka yi ƙoƙarin ɗura manhajar da ba tata ba, wuta ta ɗauke ko batir ya yi ƙasa ana tsakiyar aiki, allon yakan mutu gaba ɗaya. A motoci irin Lexus RX mai nabigeshan, wani ɓangare na sarrafa na'urar sanyaya mota a cikin allon yake, kyamarar ribas ma ta nan take fitowa. Garin neman taswira sai a rasa sanyi a watan Afrilu.

Akwai ƙananan abubuwa da ke biyo bayan wannan baƙuntar. Agogon irin waɗannan motoci daga tauraro yake karɓar lokaci, amma zaɓin yankunan da ke ciki na Amurka ne kawai, kuma tsakanin Kano da gabashin Amurka awa shida ne, ko biyar a lokacin bazararsu. Shi ya sa za ka ga mota lafiyayya agogonta yana nuna ƙarfe bakwai na safe ana kiran azahar. Nisa da mil take faɗa, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Bayanin cunkoso da take nunawa a can ta SiriusXM, rediyon tauraron ɗan'adam na Amurka, ko ta gidajen rediyonsu yake zuwa, babu ɗaya da ke isowa nan. Tsofaffin Honda suna neman lambar sirri duk lokacin da aka cire batir, don haka a karɓi lambar a hannun mai sayarwa tun kafin a biya. Su dai waɗannan Honda da Acura masu nabigeshan, na wajajen 2004 zuwa 2012, su ne ranar 1 ga Janairun 2022 agogonsu ya koma shekarar 2002 ya ƙi saituwa tsawon watanni, saboda yadda manhajarsu take ƙirga makonnin GPS. Ƙura ma tana da nata rabon: idon da ke karanta faifan DVD yana dushewa, na'urar ta fara cewa ba ta ga faifai ba alhali yana ciki.

To a ce motar sabuwa ce daga dila, taswirar Najeriya tana ciki. Nan ma da sauran rina a kaba, domin taswirar da ke cikin mota hoton rana ɗaya ce, Kano kuwa ba ta tsaya ba. Taswirar da aka haɗa a 2010 ba ta san gadar sama ta Ƙofar Nasarawa ba, wadda aka gina a mulkin Kwankwaso na biyu. Ba ta san an mayar da shataletalen Dangi gada mai hawa uku a zamanin Ganduje ba, sai ka ji tana cewa ka bi mafita ta biyu a shataletale, kai kuma kana kallon hanya ta rabu sama da ƙasa. Gadar Hotoro a 2023 aka buɗe ta. Ayyukan gadojin Tal'udu da Ɗan'agundi sun sauya yadda ake ratsa waɗannan wurare. Ƙari a kan haka akwai sauyin da ba ya shiga labarai: mahaɗar da aka toshe da kankare, wurin juyawa da aka matsar gaba, layin da aka mayar hannu ɗaya. Idan na'ura ta ce ka juya a inda aka hana, jami'in KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da ke tsaye a wurin da kai zai yi magana. Sabunta taswirar mota yakan zo sau ɗaya ko biyu a shekara, sau da yawa da kuɗi, ita kuwa ta waya kullum ana taɓa ta.

Ko da taswirar ta jiya ce, akwai maganar adireshi. Na'urar tana tambaya ne a jere: jiha, gari, sunan titi, lambar gida. Wannan yana tafiya a Nasarawa GRA da Bompai da Sabon Gari, inda tituna suke da suna a rubuce. Amma yawancin mutanen Kano ba haka suke kwatance ba. Za a ce maka ka wuce gidan mai, layi na uku hannun hagu, bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙofa kusa da mai shayi. A Ɗorayi ko Sheka ko Rijiyar Lemo ko Bachirawa, wannan kwatancen ya fi duk wata lambar gida aiki. Sunan da mutane ke kira ma ba lallai ne shi ke cikin na'ura ba. Kowa Asibitin Malam yake cewa, taswira kuwa sunan asibitin koyarwa na Aminu Kano da Turanci ta sani. Gyaɗi-Gyaɗi da Ƙofar Na'isa sai ka cire ƙugiyar haruffan kafin ta gane, wani lokaci sai ka gwada rubutu iri biyu. Wanda ya fi haɗari shi ne suna ɗaya wuri da yawa. Tudun Wada akwai unguwa a cikin Kano, akwai ƙaramar hukuma a kudancin jihar, akwai a Zariya, akwai a Kaduna. Sabon Gari ma haka. Kafin ka taka mota, dubi nisan da ta rubuta. Idan unguwa kake nema ka ga kilomita ɗari da wani abu, ba ita ba ce.

Yadda take zaɓen hanya shi ne abin da ya fi cancantar a fahimta, domin daga nan yawancin wahala take fitowa. A wurin na'ura, kowane yanki na titi lambobi biyu ne: tsawonsa, da gudun da ake zaton ana yi a kansa. Sai ta tara, ta zaɓi wanda ya fi ƙarancin lokaci ko ƙarancin nisa, gwargwadon yadda aka saita ta. Ba ta san faɗin titi ba, ba ta san kwata a buɗe take ba. Wanda ya saita ta a kan hanya mafi kusa ya nufi Kurmi ko Jakara ko Koki, zai iya tsintar kansa a lungun da madubin mota yake gogar katanga, ga mai kura da jarkokin ruwa a gaba, ga adaidaita sahu uku a baya suna hon, babu wurin juyawa, ribas kuma sai an sauko an duba masa. A cikin ganuwa, a bar saitin a kan hanya mafi sauri, kuma duk da haka idan ta ce a sauka daga kwalta a shiga lungu, a tsaya a bakin layi a tambaya. Matambayi ba ya ɓata, kuma mai shagon bakin layi ya san ko an kafa rumfar biki ko ana zaman makoki a ciki.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin da taswirar mota ba ta da labarinsa. Ranar Juma'a daga wajen ƙarfe ɗaya sahu yakan fito har kan titi a manyan masallatai. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli da safe. Ranakun hawan sallah hanyoyin da ke kewaye da gidan sarki na dawaki ne. A watan Agusta ruwan awa guda yana iya mayar da wani titin kogi. Bakin kasuwannin Singa da Kwari da rana tsaka, lokacin da ake sauke kaya, tafiyar minti biyar takan zama ta rabin awa. A nan waya ta fi, domin Google Maps tana gane cunkoso ne daga motsin wayoyin mutanen da ke kan titin, ta shafa masa ja. Sai dai ita ma a yi mata uzuri: da yawa daga wayoyin nan a aljihun fasinjan adaidaita sahu suke, shi kuwa yana kutsawa inda babbar mota ba za ta shiga ba, don haka lokacin da ta ƙiyasta yakan yi wa mai jif kaɗan.

A doguwar tafiya, taswirar da ke ajiye a cikin mota tana da fa'idar da ba a musu, ba ruwanta da ɗaukewar sabis a daji. Amma ba ta san inda aka karkatar da hanya ba, kamar yadda aka sha yi a titin Kano zuwa Zariya zuwa Kaduna zuwa Abuja tun da aka fara aikinsa a 2018. Abin da ya fi wannan nauyi, ba ta san hanyar da ba a bi bayan magariba ba. Idan ta nuna wani yanke da zai rage minti ashirin ta cikin ƙauyuka, direbobin tashar Unguwa Uku ko Naibawa su ne za su gaya maka ko ana binsa a wannan makon.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne zaton cewa mota mai nabigeshan za a iya gano ta idan an sace. Na'urar GPS kunne ce kawai, tana ji ba ta magana. Tauraro bai san da motarka ba. Kafin wani ya ga inda take sai an sa tiraka mai layin waya a ciki, wadda za ta riƙa aika bayanin. Hidimomin da kamfanonin mota ke yi a Amurka, irin OnStar, da layukan wayar can suke aiki, ba sa kaiwa nan.

Duk da haka bai kamata a raina allon dashbod ba. A Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, wayar da aka maƙala a gilas tana caji tana nuna taswira takan yi zafi har ta rage haske ko ta daina caji, batirinta kuma yana tsufa da wuri. Na'urar mota an ƙera ta ne don ta jure wannan. Allonta babba ne, muryarta ta lasifikar mota take fita, hannunka yana kan sitiyari. A gudun kilomita 60 a awa, mota tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, don haka kallon waya na daƙiƙa uku tafiyar mita 50 ce ido a rufe, a titin da yaro ko akuya ko mai babur zai iya faɗowa. Riƙe waya ana tuƙi kuma laifi ne a wurin hukumar kiyaye haɗurra.

Saboda haka abin da ya fi dacewa da Kano shi ne allon mota da taswirar waya. Motoci da yawa daga wajen 2016 suna da Apple CarPlay ko Android Auto, ka jona waya da kebul taswirarta ta hau allon, wayar kuma ta kwanta a inuwa. Toyota ta makara, sai daga motocin 2019 da 2020 ta fara sakawa. Wannan shi ya kamata mai saye ya gwada da wayarsa, shi ne ya cancanci ƙarin kuɗi.

Ga tsohuwar mota, mafita ita ce allon Android mai inci 9 ko 10 da ake sakawa a gurbin rediyo. A nan ingancin aikin mai wayarin ya fi sunan allon muhimmanci. Kada a sayi mai RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, 1GB, taswira za ta riƙa maƙalewa daidai lokacin da ake buƙatar ta. 4GB ne kwanciyar hankali, kuma a duba da wata manhaja ta daban domin wasu allunan suna rubuta abin da ba su da shi. 'Yar eriyar GPS mai kama da akwatin ashana ita ake yawan cusawa bayan rediyo a cikin ƙarafa don a gama da wuri. Wurinta saman dashbod ne, ko ƙarƙashin robarsa ta sama, fuskarta tana kallon sama babu ƙarfe a kanta. Wayoyin wuta uku ne: rawaya zuwa batir kai tsaye, ja zuwa makulli, baƙa zuwa bodi. Idan aka murɗe ja da rawaya wuri guda aka kai batir, allon ba zai riƙa mutuwa ba, bayan kwana biyu a ajiye motar ta ƙi tashi. Motar da ke da maɓallan sitiyari ko sarrafa sanyi a jikin rediyo tana buƙatar ɗan akwatin kanbus, mai haɗa allon da kwamfutar motar, da firem na ainihin samfurinta. A kuma sani cewa yawancin waɗannan alluna ba sa karɓar bayanin taya, don haka a gadar ƙasa halinsu ɗaya da waya. Kafin a biya kuɗin aiki, a fita fili a buɗe shafin gwajin GPS, a ga taurari takwas ko fiye sun kama cikin 'yan mintoci.

Sai a sauke taswirar Kano da kewaye a Google Maps lokacin da ake da intanet mai kyau, har da hanyar da za a bi idan tafiya ce. Za ta yi jagora ko babu sabis, sai dai ba za ta nuna cunkoso ba, kuma tana son a riƙa sabunta ta. Game da gidan da ba shi da adireshi, a ce wa mai gidan ya turo lokeshan ta WhatsApp, amma ya fito ƙofar gida ya ɗan jira ɗigon ya tsaya kafin ya tura, domin wanda aka tura daga cikin ɗaki mai rufin kwano yakan faɗa layin baya. Idan lambobin digirin wurin za a rubuta da hannu, a rubuta aƙalla biyar bayan ɗigo, saboda kuskure ɗaya a lamba ta uku mita 110 ne, layi biyu ke nan a unguwa mai cunkoso. Ta arewa ake fara sakawa, mai farawa da 11 ko 12, sannan ta gabas mai farawa da 8. Wanda ya juya su, na'urar za ta ɗauki hanyar Ganye ta jihar Adamawa.